Yadda Malamin Kimiyya Zai Sabunta Darasin Lantarki da Manhajar PhET

Malamin da ya taɓa koyar da darasin lantarki a makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje ya san wahalar zana batir da ƙwan fitila a kan allo, sa'an nan ya buƙaci yara su yarda cewa wutar ta kama. Shafin PhET na Jami'ar Colorado da ke Amurka yana rage wannan wahala ƙwarai. Carl Wieman, wanda ya samu kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 2001, shi ne ya kafa shi a 2002, kuma yanzu yana ɗauke da gwaje-gwajen kwaikwayo fiye da 100 waɗanda ake amfani da su kyauta.

Shiri yana farawa ne tun daga gida. Malam ya buɗe shafin a lokacin da intanet ke da ƙarfi, ya nemi gwajin da ake kira Circuit Construction Kit: DC, ya sauke shi a kwamfutarsa, domin da zarar an sauke shi yana buɗewa ko babu data. Wajibi ne ya gwada shi da kansa a daren, ya kuma cika cajin kwamfutar, saboda rashin wuta ba ya sallama kafin ya zo.

A cikin aji, malam ya jawo batir da waya da ƙwai ɗaya a fuskar kwamfutar ya haɗa su. Batirin yana zuwa da volt 9 (ƙarfin da ke tura wutar), ƙwan kuma da ohm 10 (turjiyar da yake yi wa wutar), don haka ma'aunin da ke auna gudanar wuta a cikin gwajin zai nuna ampiya 0.9, wato 9 a raba da 10. A nan ne ya kamata ya ɗage hannunsa daga kwamfutar ya tambayi ɗalibai: idan aka ƙara ƙwai na biyu a jere da na farko, hasken zai ƙaru ne ko zai ragu? Kowa ya rubuta hasashensa a littafi kafin a taɓa komai. A ganina wannan tambaya ta fi manhajar kanta muhimmanci, domin yaron da ya rubuta cewa haske zai ƙaru, ya kuma ga ƙwayayen sun dusashe, ma'aunin ya sauka zuwa 0.45, ba zai huta ba sai ya ji dalili. Daga nan a ba kowane ƙwai hanyarsa ta daban, haske ya dawo yadda yake, malam ya danganta hakan da yadda ake haɗa wayoyin gida.

Idan babu majigi, a raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni ya matso gaban kwamfutar na minti biyar yayin da sauran ke lissafi. Kafin a tashi, malam ya bar wata ɗaliba ta haɗa duka bakuna biyu na batirin da waya kai tsaye. Batirin zai kama da wuta a fuskar kwamfutar, ajin kuma ya ga haɗarin da idonsa ba tare da kowa ya ƙone ba.