In rabi kake hari, rabi za ka lissafa

'Yan uwa masu buga Omaha Hi-Lo a waya (na maki, ba na kuɗi ba), wato wasan kartan da ake raba tulin makin da aka zuba a tsakiya biyu, rabi ga mai babban hannun kati, rabi ga mai ƙarami: in ƙaramin hannu kaɗai kake jira, rabin tulin za ka lissafa.

A ce 1,000 ne a tsakiya, za ka zuba 200. Da duka za ka kwashe, cin sau 1 cikin 6 ya isa. Amma rabonka 600 ne, har da 200 ɗinka, sai ka ci sau 1 cikin 3 uwa ta dawo. In kana da A-2 (As da 2, katunan da suka fi ƙanƙanta), wani ma ya riƙe su, sai ku raba rabin nan biyu, 300 za ka tsira da shi. A majalisar Ƙofar Ƙaura, nan maki ke zurare wa yara.

Lissafin bai aiki in katinka na iya cinye ɓangarorin biyu, nan sai ka sake auna duka tulin.