Ga mai son fara sauraron tsofaffin waƙoƙin Italiya

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu tambayar ta ina za su kama waƙoƙin Italiya na farkon ƙarni na 17, shawarata ku fara da Claudio Monteverdi, wani mai tsara waƙoƙi ɗan Italiya, musamman waƙarsa "Zefiro torna" da aka wallafa a birnin Benis a 1632. Maza biyu ne masu muryar teno, wato muryar namiji mai tashi sama, wannan ya ɗauka wancan ya cafe, har su haɗu.

Don Allah kada ku saurara da sifikar waya, ku sa abin kunne. Daɗin waƙar a ƙasa yake. Akwai ɗan gajeren kiɗa mai kauri da ake ta maimaitawa kusan har ƙarshe, muryoyin kuma suna ta wasa a kansa. Sifikar waya cinye kaurin nan take yi, sai waƙar ta zama salam. A saurare na farko ku bi kiɗan kaɗai kuna buga ƙafa, sannan ku dawo kan muryoyin.

Wajen zaɓen bidiyo, ku duba ko akwai tiyorbo, abin kiɗa mai tsirkiyoyi da wuya zanƙalele, har ya zarce kan makaɗin nesa. Asali da hanjin tumaki ake yin tsirkiyoyinsa, shi ya sa sautinsa ke da taushi, ba ya danne kalmomin mawaƙi. Waɗanda aka yi da piyano ku bar su tukuna, domin sai wajen 1700 aka ƙirƙiro shi, bayan rasuwar Monteverdi a 1643.