Yadda za ka kimanta lambobin iska da teku a samfurinka ta hanyar cusa awo

Duk samfurin teku da ke kan kwamfuta yana ɗauke da wasu lambobi da ba a auna su kai tsaye ba, gadonsu aka yi daga gwaje-gwajen baya. Babbarsu ita ce ma'aunin jan iska, wadda ke faɗin yawan ƙarfin da iska ke miƙa wa saman ruwa. Don samun wannan ƙarfi, ana ɗaukar nauyin iska, kimanin kilo 1.2 a kubik mita, a ninka da wannan lamba, sannan a ninka da gudun iska a tsayin mita 10 wanda aka ninka da kansa. Lambar kan yi yawo tsakanin 0.001 da 0.0025, tana ƙaruwa in iska ta ƙaru, amma awon da aka yi cikin manyan guguwa ya nuna takan daina hawa in gudun ya haura mita 30 a daƙiƙa. Akwai 'yan uwanta na musayar zafi da tururi, da kuma zurfin da hasken rana ke ratsawa cikin ruwa.

Fara da zaɓen lamba ɗaya ko biyu. Kada ka kwashi goma. In ka saki ma'aunin jan iska da na cakuɗar ruwa lokaci guda, kowanne na iya zurfafa cakuɗaɗɗen saman teku ya sanyaya shi, awon zafi kaɗai kuwa ba zai faɗa maka wane ne ya yi aikin ba.

Wajen cusa awo, wato shigar da awon gaske cikin samfurin don gyara shi, ni na fi son dabarar lissafi da ake kira matatar Kalman ta rukuni, wadda Geir Evensen ya gabatar a 1994, don ba ta bukatar a sake rubuta samfurin da baya-baya kamar yadda ECCO, wani aikin kimanta yanayin tekunan duniya, ke yi. Ka kunna kwafin samfurin da yawa, misali 50, kowanne da tasa lambar. Sai ka liƙa lambar a jikin jerin zafi, gishiri da gudun ruwa, tamkar ita ma yanayin teku ce. Ba mai auna ta, amma in kwafin da ke da babbar lamba su ne masu sanyin sama, matatar ta ga dangantakar, kuma duk sanda awo ya shigo za ta matsa da lambar inda ya dace. Yi aiki da logaridim ɗinta, in ba haka ba wata rana gyara zai jefa ta ƙasa da sifili, ka ga iska na tura ruwa baya.

Kafin ka taɓa awo na gaske, yi gwajin tagwaye. A nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Kunna samfurin da lambar da ka sani, a ce 0.0015, ka tsinci zafi daga cikinsa a daidai wurare da lokutan da awo na gaske yake, ka barbaɗa masa ɗan kuskure. Sannan ka tashi rukunin daga 0.0010 ka zuba ido. In ya lallaɓo ya zauna kusa da 0.0015, madalla. In ya kasa a nan, inda kai ka ƙirƙiri gaskiyar, ba zai iya a teku ba. Ko dai awon bai ji lambar ba, ko kwafin sun yi kaɗan. Lura kuma da tazarar da ke tsakanin kwafin. Lamba ba ta da motsin kanta, don haka kowane gyara na matse su, har su haɗu wuri guda tun ba su isa ba, su daina sauraren awo. Maganin shi ne ka riƙa buɗa tazarar kaɗan bayan kowane zagaye, ka sa mata iyakar da ba za ta gaza ba.

Awon gaske yana nan: zafin saman teku daga tauraron ɗan'adam, na'urorin Argo kusan 4,000 da ke nutsewa zuwa mita 2,000 su taso duk kwana 10, da na'urorin TAO da ke ɗaure a tsakiyar tekun Pasifik. Bari matatar ta fara gyara yanayin ruwan na wasu zagaye tukuna, sannan ka saki lambar, don kada ta haɗiye kuskuren farawa.

Abin da na fi tsoro shi ne iskar da kake ciyar da samfurin. Tunda gudunta ana ninka shi da kansa, kuskuren kashi 10 cikin ɗari yana zama kusan kashi 20 a ƙarfin ja, matatar kuwa za ta ɗora laifin kan lambar ba tare da ta faɗa maka ba. Saboda haka girgiza iskar ita ma a cikin kwafin, ka kuma gwada ta da awon iska daga tauraron ɗan'adam, irin na na'urar ASCAT. Ware wani kaso na na'urorin Argo da matatar ba ta gani ba, ka kunna samfurin da sabuwar lambar ba tare da cusa komai ba, ka duba ko zurfin cakuɗa ya fi kusa da nasu. Maimaita da wata shekarar daban. In lambar ta yi tsalle, koma ka binciki iskar.