Lissafin awa ga sabon direban tirela: daga Sakkwato zuwa Legas

Ƙanena, ranar da maigida ya miƙa maka makullin tirela, kowa zai yi maka nasiha a kan birki da taya da bakin mai. Ba kowa zai yi maka maganar barci ba, alhali shi ya fi cin direbobinmu. Na daɗe ina ɗaukar albasa da siminti daga Sakkwato zuwa Kudu, yaran mota da dama sun zama direbobi a hannuna, kuma abin da nake fara koya musu shi ne ƙirga awa.

A wasu ƙasashe hukuma ce ke yi wa direba wannan lissafi. A Amurka ba a yarda mai babbar mota ya wuce awa 11 yana tuƙi ba, kuma sai ya huta awa 10 a jere kafin ya fara. Akwai ƙa'ida ta biyu da ta fi burge ni: daga lokacin da ya kama aiki, ko da lodi ne ko cike takarda, da an cika awa 14 ba zai ƙara taɓa sitiyari ba. In ya yi awa 8 yana tuƙi sai ya tsaya minti 30, kuma ba zai haura awa 70 cikin kwana 8 ba. Tun Disamba 2017 na'ura ce a cikin motar ke rubuta wannan duka. A Tarayyar Turai abin ya fi tsauri: awa 9 a rana, hutun minti 45 bayan awa huɗu da rabi, awa 56 a mako. A nan gida jami'an FRSC, hukumar kiyaye haɗurra, na yawan jaddada a tsaya a huta bayan awa huɗu, amma babu na'urar da ke bin ka. Kai ne direban, kai ne mai agogon.

To, fara ƙirga daga lokacin da ka tashi barci, ba daga lokacin da ka tayar da mota ba. Nan sababbi ke ruɗuwa. Mutum ya yi sallar asuba, ya wuni a kasuwar Ramin Kura ko bakin kamfanin siminti a Kalambaina yana jiran layi, yana sa ido ga 'yan dako, yana ɗaure tamfol cikin rana, sai a gama lodi bayan magariba ya ce yanzu zai fara aiki. Ai aikin ya ƙare! Ya riga ya yi awa 14 a tsaye. Likitoci sun tabbatar cewa wanda ya kai awa 17 idonsa biyu, hankalinsa a kan hanya kamar na wanda ya ɗan sha giya ne. In lodi ya kai dare, kwanta. Ko kuma ka bar yaron motarka ya tsaya kan lodi, kai ka sami inuwa ka yi barcin rana tun da wuri.

Yanzu mu auna hanyar. Sakkwato zuwa Legas kimanin kilomita 1,000 ne. Dokar hanya ta ba tirela da tanka kilomita 50 a awa kan babbar hanya, 60 kan tagwayen hanya. Ke nan awa 20 na tuƙi zalla, ba a sa ramuka da shingen jami'ai da cunkoson Ogbomosho ba. Duk wanda ya ce maka direba ɗaya zai yi ta a zama guda, ba ƙaunarka yake ba. Ni kashi uku nake raba ta. Ranar farko na tashi bayan asuba, na bi Boɗinga, Tambuwal, Jega, Koko, Yawuri, na kwana Kwantagora. Ta biyu Mokwa, gadar Jebba, na kwana wajejen Ilori. Ta uku Oyo, Badun, sai Legas. In kaya ba sa jira, kamar shanu ko tumatir, to a sa direbobi biyu masu lasisin ajin G, wato na tuƙa tirela, ɗaya na tuƙi ɗaya na barci na gaskiya a gadon baya, ba ya zauna gaba suna hira ba.

Allah Ya sauƙaƙa mana da lokutan salla, su ne agogon hutunmu. Azahar, la'asar, magariba: kowacce ka sauka, ka sa waigi, ka yi alwala da ruwan sanyi, ka zagaya motar. Ɗora bayan hannunka kan taya da dirom ɗin birki ka ji zafinsu, ka duba igiya, ka leƙa ƙarƙashi ko iska na fita. A watan Afrilu da zafinmu ke wuce digiri 40, ina tsawaita tsayuwar azahar har rana ta ɗan karya, taya ta huce, ni ma na runtsa.

Lokaci biyu ne barci ke kai hari: bayan cin abincin rana, da kuma tsakanin ƙarfe biyu na dare zuwa asuba. Na biyun ya fi muni, ga kuma halin tsaro da hanyoyinmu ke ciki. Ka san alamominsa tun kafin ya kayar da kai. Hamma a kai a kai, wuya ya yi nauyi, ka wuce gari ba ka tuna ka wuce shi ba, taya ta taɓa gefen kwalta. Motar da ke gudun kilomita 60 tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Gyangyaɗin daƙiƙa uku mita 50 ne, da tan talatin a bayanka, ba kowa a sitiyari. Da ka ga alama ɗaya, nemi inda manyan motoci ke tsayawa, kauce daga kwalta gaba ɗaya, ka ajiye alamar gargaɗi, ka sha shayi, ka kwanta minti ashirin. Buɗe gilas ko ƙara sautin rediyo ba sa magani.

Goro da shayi na taimakawa na ɗan lokaci, ban hana ka ba. Amma tiramol da gadagi da ƙwayoyin da ake tallarsu a tasha, don Allah ka nisance su. Ido a buɗe suke barin ka, ƙwaƙwalwa kuwa ta riga ta kwanta, kuma wanda ya fara da ƙwaya ɗaya da wuya ya tsaya nan.

Saura mai kaya, wanda zai yi ta kiran wayarka yana cewa kasuwar Mile 12 ta Legas za ta faɗi. Ku yi magana tun kafin a ɗora buhun farko. Ka ce masa, "Alhaji, in Allah Ya yarda gata da yamma ina Legas. In jibi kake so, a ƙara direba." Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta lokacin tashi, lokacin tsayawa da inda ka kwana, yaronka ma ya koyi rubutawa. Ranar da aka zarge ka da ɓata lokaci a hanya, shi za ka buɗe wa maigida. In ka sauke kaya kuma, ka ba jikinka kwana ɗaya cikakke kafin ka karɓi lodin dawowa.