Yadda Ake Ƙawata Akwatin Taga da Tukwanen Baranda Don Kirsimeti

A ƙasashen da hunturu yake tsananta, irin su Kanada da arewacin Amurka, furannin da aka shuka a akwatin taga (akwatin shuka da ake maƙalawa a ƙasan taga ta waje) da tukwanen ƙofar gida sukan mutu tun kafin ƙarshen Nuwamba, shi ya sa masu gida suke cika su da rassan itatuwan da ba sa kaɗe ganye. Galibi ana yin wannan aiki ne dab da Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, wadda take faɗawa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne a yi aikin kafin ƙasar da ke cikin tukunya ta daskare, domin ita ce za ta riƙe rassan. A tuge matattun furanni, a bar ƙasar a ciki, idan ta yi kaɗan a ƙara yashi, sannan a danne ta sosai. Idan sanyi ya riga ya daskarar da ita, sai a shigar da tukunyar ɗaki ta kwana. A kula da irin tukunyar kuma, saboda ruwa yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya zama ƙanƙara, kuma wannan kumburi ne yake tsaga tukunyar yumɓu. Ta katako, ta ƙarfe ko ta roba mai kauri ta fi jurewa. Shi kuwa akwatin taga, wajibi ne a duba ƙusoshi da ƙarafan da suke tallafe shi, musamman a bene, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa da dusar ƙanƙara suna da nauyi ƙwarai.

A ganina, zaɓen rassa ne yake raba ado mai kai wa watan Fabrairu da wanda zai yamutse cikin mako biyu. Rassan itacen fir (ɗaya daga cikin itatuwan da ake yin itacen Kirsimeti da su) sun fi daɗewa da ganyensu, na fain (ɗan uwansa ne) masu dogayen ganye suna ba da taushi, na al'ul kuma suna lanƙwasowa su rufe bakin tukunya. Haɗa iri biyu ko uku ya fi iri ɗaya armashi. Kafin a saya, a shafa reshen da hannu. Idan ganye ya zubo da yawa, ya riga ya bushe. Masu sayar da itacen Kirsimeti sukan datse rassan ƙasa su ajiye a gefe, ana kuma samunsu da araha. A yanke gindin kowane reshe a karkace, kamar yadda ake fiƙe alƙalami, a tsige ganyen da zai shiga ƙasa, sannan a soke shi zurfin da bai gaza santimita 10 ba.

Wajen jerawa, a fara da abu mafi tsawo, wato sanduna masu farin ɓawo ko jajayen tsumagu, a tsakiya idan ana kallon tukunyar ta kowane gefe, a baya kuwa idan tana jingine da bango. Daga nan sai matsakaitan rassa su kewaye su suna ɗan karkata waje, masu lanƙwasa kuma su zo a baki har ƙasar ta ɓuya. A akwatin taga kada tsawon ya wuce kima, don hasken rana yana ƙaranci a Disamba, bai kamata a tare wa ɗaki shi ba. Da an gama, a shayar da ƙasar sosai, domin idan ta daskare za ta kama rassan kam, iska ba za ta tumɓuke su ba.

Kayan ƙyale-ƙyale su zo daga ƙarshe, kuma kada su yi yawa. Busassun 'ya'yan fain da aka ɗaure da waya a kan tsinke, da jan kintinkiri wanda ruwa ba ya ɓatawa, sun wadatar. Jajayen 'ya'yan holi, wani itace mai ganye mai ƙaya, suna da kyau, amma suna da guba ga yara da karnuka da kyanwoyi, don haka gidan da ke da ƙananan yara gara ya yi amfani da na roba. Fitilu kuwa su kasance na LED da aka ƙera don waje, waɗanda a Turai ake gane su da lambar IP44 (alamar jure fantsamar ruwa) ko sama da haka. Kada a fitar da furen foinsetiya, wani tsiro mai jajayen ganye, baranda, ko da yake shi ne aka fi alaƙantawa da bikin, domin asalinsa daga Meziko ne, kuma yakan lalace idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Celsius.

A wurare irin su Landan, inda ƙasa ba ta daɗewa a daskare, rassan da aka yanke sun fi saurin bushewa, sai an riƙa shayar da su. A can ya fi dacewa a haɗa da tsirrai masu rai da ke jure sanyi, kamar heleboro, wanda Turawa suke kira furen Kirsimeti.

Bisa al'ada ana sauke ado wajen 6 ga Janairu. A cire kintinkiri da fitilu, a bar koren rassan har ƙasa ta narke, sannan a daddatse su a zuba cikin takin lambu.