Yadda ake shigo da fiyar waje Najeriya ba tare da kaya sun maƙale a tashar ruwa ba

Duk mai zagaya kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa a Kano ko manyan shagunan Abuja ya san wannan fiyar da ake jerawa kusa da tuffa, mai siririn wuya da faɗin gindi, wata koriya shar wata kuma da ɗan ja a gefe, ba irin tamu da ake shafa wa burodi ba. Mafi yawanta daga Afirka ta Kudu take zuwa, daga gonakin Ceres da Elgin da Langkloof, kuma matasa da yawa da suka ɗan tara jari suna sha'awar su daina sari a hannun 'yan Legas su riƙa shigowa da ita da kansu. Abu ne mai yiwuwa, amma fa ɗanyen kayan itace ba kamar atamfa ko tayil bane da zaka loda ka zo ka biya kwastam ka wuce, akwai dokar lafiyar tsirrai a kansa, kuma duk ranar da kwantena ta ƙara a tasha kayan suna ƙara nuna ne kuɗin ajiya kuma yana hawa.

Mataki na farko, tun kafin ka tura wa kowa ko sisi, ka nemi famit na shigo da kayan tsirrai daga hukumar killace kayan gona ta ƙasa wato NAQS. Wannan shine tushen komai, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure, sai mutum ya gama ciniki a WhatsApp ya biya rabin kuɗi, jirgi ya taso, sannan ya fara neman takarda. Famit ana bada shi ne kafin a loda kaya, domin a cikinsa ne aka rubuta sharuɗɗan da ƙasar da ta turo kayan zata cika. A takardar nemanka zaka sa sunan kamfaninka mai rijista da CAC, sunan mai sayar maka da adireshinsa, ƙasar da aka noma kayan, yawansu, tashar da zasu shigo ko Apapa ko Tin Can ko Lekki ko Onne, da kuma cewa na ci ne ba na shuka ba. Ka tabbata an rubuta sunan kimiyya, Pyrus communis, domin jami'ai da shi suke aiki a duk duniya, lambar kwastam ɗinta kuma 0808.30 ce. Kuma ka lura ƙasar da aka noma ake tambaya ba ƙasar da dillalinka yake zaune ba, in dillalin yana Dubai amma fiyar ta Ajantina ce toh Ajantina zaka rubuta.

In ƙasar da kake son saye ba a saba shigo da fiya daga can ba, kar ka yi mamaki in abin ya ɗauki lokaci, sai an yi nazarin irin ƙwari da cututtukan da suke can da kuma haɗarin da zasu jawo mana in sun shigo. Shi yasa ni shawarata ga sabon shiga ya fara da hanyar da aka saba bi.

Mataki na biyu, in famit ya fito ka zauna ka karanta shi layi bayan layi, kar ka jefa shi a jaka kawai, ka duba ranar da zai ƙare aiki ka kwatanta da ranar da jirgi zai iso, sannan ka tura wa mai sayar maka kwafi ka ce ya rubuto maka a fili cewa zai iya cika kowane sharaɗi. Abin da ake tsoro a jikin fiya sananne ne. Akwai wani malam-buɗe-littafi ƙarami da tsutsarsa take huda 'ya'yan ta shige har wajen iri, daga waje baka ganin komai sai ɗan rami da wani gari-gari ruwan kasa a bakinsa, masana suna ce masa Cydia pomonella. Akwai ƙudajen 'ya'yan itace da suke saka ƙwai ƙarƙashin ɓawo. Akwai kuma wata cutar bakteriya, Erwinia amylovora, da take sa reshen tuffa da fiya ya yi baƙi kamar wuta ta babbake shi, tana Amurka da ƙasashen Turai da yawa, kuma saboda ita ne Ostireliya ta hana shigo da tuffa daga Niyu Zilan tun 1921 har sai da rigimar ta kai gaban Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya ta yanke hukunci a 2010. Kaga kenan ƙasashen da suka san darajar gonakinsu basa wasa da wannan magana ko da maƙwabcinsu ne.

Mu ma ai mun ɗanɗana. A 2016 tsutsar da ake kira Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kwando ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, kuma wannan ƙwaro asalinsa daga Kudancin Amurka yake. A shekarar ne dai aka fara ganin tsutsar nan mai cin masara a Najeriya, ita ma baƙuwa ce daga nahiyar Amurka. Ƙudan da yake ɓata mana mangwaro yanzu a 2003 aka fara ganinsa a Kenya, ɗan Asiya ne, kafin a ankara ya bazu har Afirka ta Yamma. Duk wanda yake da ɗan uwa manomi a Kadawa ko Kura ya san hawayen da aka zubar a kan tumatir, don haka in jami'i ya ce sai ya buɗe katan ya yanka fiya ya duba cikinta wallahi aikin da ya dace yake yi, ka bashi haɗin kai.

Mataki na uku shine takardar shaidar lafiyar tsirrai daga ƙasar da kayan suka fito, wadda ejan-ejan suke ce wa faito. Ba mai gona ne yake rubuta ta ba kuma ba kamfanin jirgi bane, hukumar kare tsirrai ta gwamnatin ƙasar ce kaɗai take da ikon bayarwa bayan ta duba kayan, bisa yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya IPPC da aka ƙulla a 1951 ƙarƙashin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya wato FAO. A Afirka ta Kudu ma'aikatar gona ce take bayarwa, sannan akwai hukumar PPECB mai duba ingancin kaya da sanyin kwantena kafin a fitar. Ka ce a turo maka hoton takardar tun kafin jirgi ya tashi, ka ɗauko famit ɗinka da rasit da takardar lodin jirgi ka jera su ka bi ɗaya bayan ɗaya, sunan kamfaninka ya zama iri ɗaya ko'ina har harafi, lambar kwantena, lambar hatimi, yawan katan, nauyi, sunan kimiyya, ƙasar asali. Sai kuma gurbin ƙarin bayani, wanda shine zuciyar takardar, duk abin da famit ɗinka ya ce a shaida toh nan zai fito, misali cewa an duba kayan ba a ga ƙwari kaza da kaza ba. In famit ya nemi magana uku aka rubuta biyu ka mayar a gyara tun kayan suna can, gyara a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu aikin yini ne amma in kaya sun iso Apapa ya zama babban aiki. Takardar da aka kankare ko aka goge aka sake rubutu a kai ba tare da tambarin hukuma ba, ba a karɓarta. Kuma ta asali ake so a gani ba hoton waya ba, don haka a turo maka ita ta kamfanin aika saƙo ta riga jirgin isowa.

In ta Kwatano ko Lome kayanka zasu biyo a sauke su ko a raba su kafin su shigo, zaka buƙaci takardar sake fitarwa daga hukumar ƙasar haɗe da kwafin ta asali. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram su ma tsarin ɗaya ne, sai dai su hukumar kare tsirrai ta Nijar zasu nema wato DGPV.

Mataki na huɗu, yadda ake shirya kayan. Fiya ta zo tsaf, ba ganye ba reshe ba ƙasa a jiki, cikin sabon katan mai ɗauke da sunan gona da wurin da aka shirya, na Afirka ta Kudu yawanci kilo 12.5 ne. Abin da mutane suke mantawa shine katakon da aka ɗora katan a kai wato falet, shi ma yana da dokarsa ISPM 15, dole a ce an gasa shi har zafin cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30 ko an yi masa turaren magani, kuma a ga tambari a jikinsa mai alamar zangarniya da haruffan ƙasa da HT in gashi aka yi ko MB in turaren magani ne. Ana iya riƙe lafiyayyun kaya saboda falet mara tambari, wannan asara ce ta banza da tambaya ɗaya zata hana.

Sai maganar sanyi. Fiya ana ɗauko ta ne a kwantena mai firji a wajen rabin digiri ƙasa da sifili. Wani lokaci sanyin kansa shine maganin ƙuda, a ƙa'idar Amurka misali ana riƙe kaya a digiri 1.11 na kwana 14 ko 2.22 na kwana 18 don kashe ƙwai da tsutsa, kuma in sanyin ya katse sai a sake lissafi. In famit ɗinka ya nemi irin wannan toh adadin da ke cikin famit ɗin zaka bi, a kuma rubuta shi a faito. Ko bai nema ba ka sa a jefa maka 'yar na'urar rikodin sanyi cikin kwantena, ita ce shaidarka wajen inshora in kaya sun zo a lalace.

Mataki na biyar ana yinsa ne tare da sauran, ka buɗe Form M wato takardar rijistar shigo da kaya a bankinka kafin lodi, takardu su iso a fitar maka da PAAR wato takardar tantance kaya kafin isowa daga kwastam, ka kuma tuntuɓi NAFDAC tunda abinci ne. Ka nemi ejan da ya saba fitar da kwantena mai firji, ka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa fitar da tuffa ko inabi, wanda ya saba da motoci da kayan gini kawai zai koyi aiki ne a kan dukiyarka.

Mataki na shida, ka sanar da ofishin NAQS na tashar tun kafin jirgi ya iso, ranar dubawa kuma kai ko wakilinka ku kasance a wurin. Zasu fara da takardu, su duba hatimi, su zaro katan daga wurare daban-daban su duba ɓawo da gindi da wajen wuya su yanka wasu. In komai lafiya a baka takardar saki. In an ga wani abu ana iya tura samfur ɗakin gwaji, hukumar tana da tashar killacewa a Moor Plantation da ke Ibadan, daga nan ko a sa a yi wa kayan magani ko a mayar da su inda suka fito ko a lalata su, kuma duk a aljihunka. In wani ya raɗa maka cewa ka kawo wani abu a wuce ba dubawa kar ka yarda, duk kuɗin da zaka biya ka biya ta hanyar gwamnati ka karɓi rasit.

Da an saki kaya kar kwantena ta kwana ba wuta. Ka riga ka tanadi mota mai janareto da ɗakin sanyi a inda zaka sauke, domin tafiyar Legas zuwa Kano ta kusan kilomita dubu ce, kuma fiya da zarar ta ji ɗumi ta fara nuna bata komawa baya, daga ciki ma take fara laushi kana ganin bayanta garau. Kar ka haɗa ta ɗaki ɗaya da ayaba ko mangwaro domin iskar da suke fitarwa tana hanzarta nunarta, ka riƙa fitowa da iya abin da 'yan sari zasu kwashe a ranar. Waɗanda suka ruɓe kuma kar a watsar da su bayan kasuwa ko bakin lambu, a haƙa rami mai zurfi a binne, takardunka kuma famit da faito da takardar saki ka haɗa su a fayil ɗaya ka adana domin zasu yi maka amfani in ka tashi neman famit na gaba.