Darasi na Tara: Zaɓen Aikin Koyarwa a Ƙasar Waje

A 'yan shekarun nan malamai da dama a Jihar Gombe, daga Kumo har Dukku da Bajoga, sun shiga neman aikin koyarwa a ƙasashen waje. Shawarar ba ta malamin kaɗai ba ce, domin sau da yawa mahaifi ko yaya ko uwargida ake roƙo su sayar da gona ko bijimi don haɗa kuɗin tafiya. Saboda haka wannan darasi na dukan gida ne.

Akwai hanyar gwamnatin tarayya, wato shirin TAC da aka kafa a 1987, wanda ke tura malamai da likitoci da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, irin su Gambiya da Uganda, na tsawon shekara biyu. Ba a yin arzikin dare ɗaya da ita, amma gwamnati ce ta san da tafiyarka, kuma ba ka biyan dillali ko sisi.

Ingila kuwa, tun watan Fabrairun 2023 ta ba malaman Najeriya damar neman shaidar ƙwarewa ta QTS, musamman masu koyar da lissafi da kimiyya da harsuna a sakandare. Ana bukatar digiri, da gogewa a aji, da takarda daga hukumar rajistar malamai ta TRCN. Mai NCE kaɗai sai ya ƙara karatu. A lura sosai: shaidar ba aiki ba ce, sai wata makaranta ta ɗauke ka ta tsaya maka wajen biza. Albashin yana da daɗin ji idan aka juya shi zuwa naira, amma haraji da kuɗin haya da na ɗumama ɗaki lokacin sanyi suna cinye kaso mai tsoka.

Zuciyar mutanenmu ta fi karkata ga Saudiyya da Katar da Dubai, saboda addini da kusanci da Ɗakin Allah. Can ba a cire haraji daga albashi, kuma makarantu da yawa suna ba da masauki da tikitin dawowa gida duk shekara. Sai dai takardar zamanka tana ɗaure da wanda ya ɗauke ka aiki, don haka a karanta kwantiragin layi-layi tun ana gida: awa nawa ne aikin, wa zai biya kuɗin asibiti, ana zuwa da iyali, me zai faru idan ka ajiye aikin kafin wa'adi? Wanda Turancinsa ko Larabcinsa bai kai ba, ya kai wa amintaccen masani ya karanta masa, babu kunya a cikin wannan.

A ganina, abin tsoro shi ne dillalin da ke turo saƙo ta WhatsApp yana cewa a biya yau, gobe gurbi zai cika. A nemi ganin lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago, a kira makarantar kai tsaye, kuma kada a miƙa masa fasfo. Idan an ga alamar safarar mutane, a sanar da hukumar NAPTIP.

Aikin gida: bayan sallar isha'i ku zauna da mai niyyar tafiya, ku raba shafin littafi gida biyu, ku rubuta albashin kowane aiki a dama, haya da abinci da haraji da bashin tafiya a hagu, sannan ku ɗebe. Ku zo aji da abin da ya rage.